Raddi Ga Masu Cewa A Miƙe Rafin Amba

Duk daminar da ruwa ya shiga gidaje a garin Lafiya na jihar Nasarawa, sai a ji wata magana ta dawo bakin mutane: a kawo katafila a miƙar da rafin Amba, a zurfafa shi, a sare itatuwan bakinsa, a zuba kankare, shi ke nan. Masu wannan ra'ayi ba mahaukata ba ne, wasunsu ma ruwa ya ci musu katanga. Amma hujjojinsu suna buƙatar a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sun ce lanƙwasar rafi ita ce ke tare ruwa har ya yi ambaliya. Gaskiya ne tana rage masa gudu, kuma amfaninta ke nan. Idan aka yanke kwanonin rafi, tsawonsa ya ragu alhali gangarensa daga sama zuwa ƙasa yana nan yadda yake, sai ruwa ya ƙara sauri da ƙarfi. Ƙasar Lafiya kuwa mai rairayi ce, ba ta jure wannan ƙarfi. Ruwan zai fara cin ƙasan rafin, gaɓa ta yi tsayi ta rushe, ƙananan ƙoramun da ke shiga cikinsa su zama kwazazzabai suna cin gonaki suna komawa baya. Ambaliyar ma ba ta ɓace ba, an dai tura ta ga unguwar da ke gaba.

Amurka ta gwada wannan. Tsakanin 1962 da 1971 aka mayar da kogin Kissimmee na jihar Florida, mai tsawon kusan kilomita 166, miƙaƙƙiyar magudana mai kilomita 90. Fadamunsa suka bushe, tsuntsaye da kifi suka ragu, daga baya aka kashe maƙudan kuɗi ana sake cike wani sashe na ramin, aikin da bai ƙare ba sai 2021.

Sun kuma ce masu ɗibar yashi da tifa taimako suke yi, don suna share wa ruwa hanya. Nan ne kuskuren ya fi girma. Yashin cikin rafi rumbun ruwa ne. Duk wanda ya ga mata suna tona rami a busasshen rafi cikin watan Maris ruwa yana tsattsafowa ya san haka. Wannan ruwan ɓoye shi ke riƙe danshin fadama, shi ke raya ɓaure da ɗinya da kanya da kwakwar manja da ke jere a gaɓa. Aka kwashe yashin, ƙasan rafi ya nutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya bi shi ƙasa. Saiwar babban itace takan iya bin sa na ɗan lokaci. Ta alayyafo da tumatir da rake ba ta iyawa. Rafin da ya yi zurfi kuma ba ya ƙara malala kan fadama ya bar mata baƙar lakar da manomin shinkafa ke samu kyauta, sai ya koma sayen taki.

Batun sare itatuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Saiwarsu ce ke ɗaure gaɓa.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce Lafiya ba Maraɗi ba ce, ruwan samanta ya haura milimita 1,000 a shekara, don haka zancen bushewa na 'yan Arewa mai nisa ne. To amma daga Nuwamba zuwa Maris fa? A waɗannan watanni lambun mai noman rani a Lafiya da na Katsina abu ɗaya suke sha, wato ruwan da rafi ya ajiye a gefensa.

A wuri ɗaya suna da gaskiya: a tsakiyar gari, inda gidaje suka riga suka matse rafi, kankare da manyan kwalbatoci sun zama dole, tare da hana zuba shara. Wajen gari kuwa, a bar wa rafi kwanoninsa, a shata tazarar da ba a gini a bakinsa, a dasa jema da gora a gaɓar da ke rushewa, a keɓe wa masu yashi wuraren ɗiba. Jihar Nasarawa tana cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Ya kamata jami'ansa su saurari masu lambun bakin Amba kafin a sa hannu a kan kwangilar katafila.