Sharhi: Mai bincike, ka zaɓi yadda za a ji ka

Duk wanda ya taɓa zama a zauren taron ƙara wa juna sani a Yamai ko Maradi ya san wannan. Mutum ya shafe shekara uku yana bincike, an ba shi minti 15, sai ya duƙar da kai yana karanta takarda har shugaban zama ya katse shi kafin ya kai ga sakamako. A tafa masa don kara, a watse ba a riƙe komi ba.

Wannan asara ce ga ƙasa. Matasanmu da ke jami'o'in Abdou Moumouni, Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani suna aiki kan fari, ƙwarin hatsi da tamowa. In ba su iya bayyana abin da suka gano ba, tallafi da guraben karatu za su ci gaba da wucewa ta gabansu.

Hanyoyin gabatarwa ba ɗaya ba ne, kuma kowace da inda ta fi dacewa. Jawabi a gaban jama'a ya dace da aikin da ya kammala: ka faɗi tambayarka, ka nuna abin da ka samu, ka bar lokacin tambayoyi. Fosta, wato babbar takardar da ake liƙawa a allo, ta fi wa mai sabon aiki, domin masana za su tsaya ɗaya bayan ɗaya su yi maka gyara ido da ido. Kuskure ne a ɗauke ta ƙaramin matsayi. Sau da yawa a gindin fosta ake ƙulla abokan aiki. Zaman muhawara na mutum uku ko huɗu na batun da ake taƙaddama a kai ne. Shi kuwa mai sabuwar dabara, taron bita ya fi masa. Wanda ke aiki kan buhun PICS mai ruɓi uku na ajiyar wake, ya kawo buhun a taɓa, a ga yadda rashin iska ke kashe ƙwari. Gani ya kori ji.

Ga kuma gasar bayyana kundin digiri na uku cikin minti uku da hoto guda, wadda jami'ar Queensland ta Ostireliya ta fara a 2008, masu Faransanci suka ɗauka daga baya. Ya kamata kowane sashe na jami'o'inmu ya mai da ita atisaye.

Tsadar jirgi da wahalar biza na hana da yawa fita, amma ana gabatarwa ta intanet. Inda wuta da layi ba su da tabbas, a naɗi jawabin tun da wuri a tura. Ƴan uwanmu da ke jami'o'in waje na iya taimakawa: su sanar da ƙannensu lokacin da ake karɓar taƙaitaccen bayani, su saurari gwajinsu kafin ranar.

Kiranmu na ƙarshe ga masu shirya taruka ne. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. A ware zama guda da mai bincike zai yi bayani da harshen manomin da ya ba shi amsoshi a gona, manomin kuma ya samu damar yi masa tambaya.