Inabin Constantia: Gonar Wa Ake Karewa?

A bayan Dutsen Tebur, kimanin kilomita 20 daga tsakiyar birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, akwai wani ƙaramin kwari mai suna Constantia. Birni ya riga ya kewaye shi, gidajen attajirai sun hau har gindin tsaunuka, amma gonakin inabi kamar goma sun ƙi tashi. Masu gonakin sun haɗa kai cikin ƙungiya guda, Constantia Wine Route, suna tallar giyarsu tare, suna kiran baƙi su zo su ga gonakin inabi mafi tsufa a ƙasar. Yawancinmu ba mashaya ba ne, kuma abin da ke cikin kwalba bai dame mu ba. Ƙasar da ke ƙarƙashin kuringar ita ce zancenmu.

Mu fara da ba su gaskiyarsu. A 1685 aka yanka wa Gwamna Simon van der Stel fili mai faɗin hekta fiye da 750. Bayan rasuwarsa a 1712 aka rarraba shi, kuma kashi ɗaya, wato Bergvliet, yau unguwa ce ta gidaje da kwalta. Haka birni yake cin gona, a hankali, fuloti bayan fuloti, domin kuɗin fili ɗaya ya fi amfanin gona na shekaru da yawa. Manomi shi kaɗai ba ya iya jure wa dillalai. In da masu inabin nan ba su tsaya tare sun mai da kwarin abin alfahari ba, da wuya a ce yau akwai sauran kore a wurin. Wannan kam mun yaba.

Amma fa in ana maganar gadon tarihi, sai a faɗe shi duka. Ana son ba baƙo labarin yadda sarakunan Turai suka yi rububin zaƙin giyar Constantia, da yadda aka riƙa kai wa Napoliyon ita a tsibirin St Helena inda aka tsare shi. To, wa ya yi shukar? Bayi ne, waɗanda aka kwaso daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indunusiya, ba a kuwa sake su sosai ba sai a 1838. Jikokinsu suka ci gaba da aiki a gonakin lardin, ana biyan su wani ɓangare na lada da giya, abin da ake kira dop, wanda doka ta hana tun 1960 amma ya daɗe bai mutu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kusa da ƙofar gonar Klein Constantia ma akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah, wanda Turawan Holan suka koro daga Sumatra ya iso a 1668. Wato ya riga van der Stel zama a kwarin.

Abin da ya fi ci mana rai bai yi nisa haka ba. A 1961 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana Constantia a matsayin wurin zaman farar fata kaɗai. Iyalan da suka shekara da shekaru a Strawberry Lane da Sillery suna noman furanni da kayan lambu suna kai wa kasuwar birni, aka kwashe su aka zube a rairayin Cape Flats, a unguwanni irin su Parkwood da Manenberg. Masallatansu da maƙabartunsu suna nan a Constantia har gobe. Shirun da baƙo yake jin daɗinsa a kwarin, da sararin da yake yabawa, wani ɓangarensa korar mutane ce ta samar da shi.

Dokar mayar da filaye ta 1994 ta ba waɗanda aka ƙwace wa ƙasa bayan 1913 damar neman haƙƙinsu, kuma wasu iyalan Constantia sun samu nasu bayan dogon jira. A nan ne ake gane mai kare gona da mai kare katanga. Lalle akwai gidan tarihi a Groot Constantia da ke ambaton bayi, amma allo a bango ba ya mayar wa kowa fili. Ƙungiyar da ta iya haɗa kai don tallar kwalba za ta iya haɗa kai don ma'aikatanta su sami hannun jari a gonakin da suke nomawa, ta kuma tsaya a bayan masu dawowa ko da maƙwabta sun ɓata rai.

Mu kuwa da za mu bar jami'a mu zauna a ofisoshin filaye da tsara birane, takardun gonakin gefen garuruwanmu ta teburinmu za su bi. Kafin mu sa hannu a ce a kare wannan fili ko a yanka wancan, mu nemi sunan wanda yake noma shi kafin zuwan mai awo.