Mai sa gishiri a miyar da ba zai sha ba

Ƴan uwa ɗalibai, akwai kalmar da muke jefawa a kowace muhawara ba mu tsaya mun auna ta ba: wakili. A wurin ɗaurin aure kowa ya san nauyinta. Wakilin ango yana magana da sunan gidan da ya aiko shi, in ya ɓata kuma, gidan nan ne zai tuhume shi. Ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, kuma abin da ke ci mini rai shi ne siyasa ta riƙe rabin farko na ma'anar, ta yar da na biyu. Sai ka ga mutum ya yanke wa jama'a hukunci, alhali ba su suka aiko shi ba, ba su kuma da ikon sauke shi.

Mu leƙa Abuja. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 299, ya ba Majalisar Tarayya ikon yi wa babban birnin dokoki kamar ita ce majalisar jiharsa. Abuja ba ta da gwamna, sai minista da shugaban ƙasa ke naɗawa. Cikin sanatoci 109 tana da ɗaya tak, cikin ƴan majalisar wakilai 360 tana da biyu. To kun ga abin da ke faruwa: sanatan Kano ko na Katsina yana kaɗa ƙuri'a a kan kasafin kuɗin asibitoci da makarantun Abuja, amma sanatan Abuja ba shi da ta cewa a kasafin Kano, don Kano na da majalisarta. Bagwarin da kakanninsa ke noma wurin tun kafin a zaɓe shi babban birni a 1976, in an cuce shi a kasafin, wa zai kayar a zaɓe? Mutum uku cikin 469?

Kada ku ce ciwon Afirka ne. A 1977 Tam Dalyell, ɗan majalisar Birtaniya mai wakiltar West Lothian a Sikotilan, ya yi wannan tambayar, har aka laƙaba mata sunan mazaɓarsa. Sikotilan ta samu majalisarta a 1999, Ingila ba ta samu ba. A Janairun 2004 aka kawo ƙudirin ƙarin kuɗin jami'a zuwa fam 3,000 a shekara ga jami'o'in Ingila. Ya wuce da ƙuri'a 316 a kan 311. Ba don ƙuri'un ƴan jam'iyyar Leba daga Sikotilan ba, waɗanda ƙarin bai shafi jami'o'insu ba, da ya faɗi. Ɗalibai irinmu suka biya, masu ɗaga hannun suka koma gida lafiya lau.

Za a ce mini ai ɗan majalisa wakilin ƙasa duka ne, kamar yadda kundinmu na 2010 ya rubuta, kuma baitulmali ɗaya ne. Na yarda, a kan yaƙi, haraji, iyaka da rabon kuɗi tsakanin jihohi, kowa ya yi magana, don tukunyar ta kowa ce. Amma in an raba tuwo an ba kowa akushinsa, me ya kai hannunka akushin maƙwabci, kai kuma ka rufe naka? Nan ne hujjar ta mutu.

Za a kuma ce to a hana su ƙuri'ar mana. Birtaniya ta gwada: a 2015 ta kafa tsarin da ya ba ƴan majalisar Ingila damar hana dokar da ta shafi Ingila kaɗai, a 2021 ta soke shi. Ba mamaki. Majalisa ɗaya mai ƴan mowa da ƴan bora ba ta zama lafiya. Maganin shi ne a ba wanda ba shi da majalisa tasa, kowa ya ji da gidansa.

Yo mu a Nijar ina ruwanmu? Ruwanmu har wuya. Tun yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 ake mana alkawarin sauke mulki kusa da talaka. An zaɓi majalisun jihohi a 2011, an rushe su tare da na ƙananan hukumomi a Afrilun 2024. Ko ba jima ko ba daɗe za a sake zama a rubuta wa zai yanke me. Mu ƴan Tagiris da sauran ƙasar Dakwaro mun san zafin hukuncin nesa. Dokar Mayun 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa a Yamai aka yi ta, amma a kwarin Tarka ake rigimarta tsakanin manomi da makiyayi har gobe. Ɗan majalisar da ke zaune bakin kogin Kwara bai taɓa asarar zangarniya ɗaya ko akuya ɗaya saboda layin nan ba.

Don haka ga abin da nake kira mu nema da baki ɗaya. In za a ba jihohi iko, a ba duka takwas daidai wa daida, har da Yamai, kada mu haifi Abujarmu. Kada a ba wata jiha gata na musamman don ta fi ƙara ko ta fi ma'adinai, ƴan majalisarta kuma su ci gaba da sa baki a rijiyoyin Maraɗi. A rubuta ɓaro-ɓaro, da Hausa da sauran harsunanmu, abin da ke na ƙasa da abin da ke na jiha: burtali, rijiya, kasuwar ƙauye, makarantar firamare.

Duk wanda ya zo neman goyon bayanku da sunan wakilci, ku yi masa tambaya ɗaya: in ka yanke mana ba daidai ba, muna iya sauke ka? In ya fara kame-kame, ku nema masa wani suna. Wannan ba wakilinku ba ne.