MAKULLIN WUTAR GIDANKA, A HANNUN WA ZAI ZAUNA?

Jama'a, ku matso ku ji. Masu neman ƙuri'unku suna bin gari gari da alkawarin lantarki na zamani, wai mita mai wayo, wadda za a haɗa da intanet ta riƙa aika wa kamfani lissafinka ba tare da ɗan NEPA ya leƙo zaure ba. Mu ba mu ƙi mita ba. Wanda aka taɓa kawo masa takardar kuɗin wutar da bai gani ba ya san darajarta. Amma akwai abin da ba su faɗa muku a bisa dandamali.

Abin da ake kunnawa daga nesa, daga nesa ake kashe shi. Ran 23 ga Disamba 2015, a yammacin ƙasar Yukiren, lokacin hunturu, ma'aikatan kamfanin rarraba wuta suna zaune gaban kwamfuta sai suka ga kibiyar allo tana tafiya da kanta, tana rufe tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Wasu ne daga can nesa suka karɓe ragamar. Mutum wajen 230,000 suka shiga duhu, wasu har awa shida. Ba bindiga, ba bam. Yadda aka shigo ma abin takaici ne: wasiƙar imel aka aiko wa ma'aikata, suka buɗe takardar da ke ciki, shi ke nan ɓarawo ya sami ƙofa. Abin da ya cece su, ba su watsar da makunnan hannu ba. Injiniyoyi suka hau mota zuwa tashoshin suka mayar da wuta da hannunsu. Da shekara ta kewayo, Disamba 2016, aka maimaita a Kiyef.

Kada wani ya ce rigimar Turawa ce. A Yuli 2019 masu kutse suka kulle kwamfutocin City Power na Johannesburg, mutane da kuɗinsu a hannu suka kasa sayen katin wuta.

To, ga kuma ta cikin ɗaki. Mitar nan ƙirga take ba dare ba rana. Ta san lokacin da ka tashi da asuba, ta san ranar da ka yi tafiya gida ya zama ba kowa. A 2011 masu bincike a Jamus suka nuna cewa daga lissafin mita kaɗai ana iya gane shirin da mutum ke kallo a talabijin. A Holan, 2009, majalisar dattawa ta ƙi dokar da za ta tilasta wa kowa karɓar irin wannan mita, domin ta ga tonon asirin gida ne. Su da ke da wuta kullum ke nan fa.

Mu nan, tun 2013 aka fara damƙa kamfanonin rarraba wuta 11 a hannun 'yan kasuwa. An sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a 2023, madalla, amma doka a takarda ba ta gadin ƙofa. Wa zai riƙe labarin gidanka? Shekara nawa? Wa za a sayar wa? In wani mai iko ya so unguwarku ta kwana cikin duhu daren ƙidayar ƙuri'a, me zai hana shi danna maɓalli ɗaya?

Matsayin jam'iyyarmu a fili yake. Kowace tasha ta riƙe makunnin hannu da ma'aikacin da ya iya shi, kuma a raba kwamfutar sarrafa wuta da ta karanta wasiƙu. Ba a yanke wa kowa wuta daga nesa sai an ba shi sanarwa a rubuce, ba a miƙa lissafin gidan mutum ga kowa sai da yardarsa ko umarnin kotu.

In ɗan takara ya zo ƙofarka da gishiri da atamfa, malam, ka tsayar da shi ka tambaye shi makullin nan a hannun wa zai zauna. In ya kama kame-kame, ka riƙe ƙuri'arka.