A Kawo Gasar Gem Cikin Makaranta

Kowa ya san inda wasunmu ke sulalewa da an fita tara: gidan gem. Bulala da kora ba su hana ba. A ganina, gara a jawo wasan cikin makaranta a sa masa ido.

Shirya gasa yanzu ya yi sauƙi. Manhajoji irin su Challonge da Toornament suna jera 'yan wasa, su haɗa wanda zai kara da wani, su riƙe sakamako har wasan ƙarshe. Twitch kuma, wadda ta fara a 2011, tana ba mutum damar haska wasansa kai tsaye, har kamfanin Amazon ya saye ta a 2014 kan dala miliyan 970. Ashe harkar ta wuce wasan yara.

Me zai hana mu yi gasar eFootball tsakanin azuzuwa bayan jarrabawar ƙarshen zango? Mu 'yan kulob ɗin jarida mu yi sharhi da Hausa, 'yan kulob ɗin kwamfuta su riƙe jadawali.

Amma da sharaɗi. Ba caca. Ba a haska fuskar ɗalibi sai da izinin iyayensa. Wanda ya yi fashin aji ba zai shiga ba, domin tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka.

Muna roƙon Shugaban Makaranta ya ba mu dama mu gwada sau ɗaya.