Duniya Na Bukatar Alƙali Mai Dogari

Duk wanda ya tashi a Kalmalo ya san abu biyu tun yana yaro, watau tafki da iyaka. Tafkin Allah ne ya yi shi. Iyakar kuwa mutane ne suka zana ta, mutanen da ba su taɓa shan ruwan tafkin nan ba. A kan waɗannan biyu na ke so in kafa hujjata, in nuna wa mai karatu cewa zaman lafiya ba zai tabbata ba, a nan ko a wani wuri, sai ran da ƙasashen duniya suka yarda da hukuma guda a bisansu, mai doka, mai alƙali, mai dogari. Na san za a ce mafarki na ke yi. To, a saurare ni tukuna, sa'an nan a yanke mini hukunci.

Mu fara da iyakar. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Turai, suka ɗora tsinke a kan Sakkwato cikin taswira, suka zagaya da'ira mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Birnin Ƙonni yana ciki, amma wannan bai hana sojan Faransa, ƙarƙashin Voulet da Chanoine, su ƙone shi su karkashe mutanensa a 1899 ba. A 1904 aka matso da layin kudu, cikin wani ciniki da ya haɗa har da maganar kamun kifi a gaɓar Kanada. A 1906 aka sake gyara shi, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, mu muka zauna hannun Ingila. Ba a tambayi sarki ba, balle talaka. Layin nan shi muka gada a 1960, muka sa masa tuta, muka ce za mu mutu a kansa.

Shin me layin ya jawo mana? A 1984 gwamnatin soja ta Nijeriya ta rufe iyaka ana tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugabanmu na lokacin. A watan Agusta na 2019 aka sake rufewa, ba a buɗe ƙofar Illela ba sai Disamba ta 2020. Na uku ya fi muni. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka hamɓarar da Shugaba Bazoum a Yamai. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka rufe iyaka, suka ba da wa'adin kwana bakwai, suka ce in ba a mai da shi ba za a yi amfani da ƙarfi. Aka yanke wa Nijar wutar lantarki. Motoci suka yi layi a Illela, kaya suka ruɓe, kasuwa ta mutu, ba a buɗe ba sai Maris ta 2024.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Da an yi yaƙin nan, ta ina rundunar za ta bi? Ta gonakinmu. Wa za a harba? Surukanmu na Ƙonni, da abokan cinikinmu na Galmi da Tawa, mutanen da mu ke magana da harshe guda, mu ke fuskantar alƙibla guda. Allah ya tsare, dattawa suka shiga tsakani, har Sarkin Musulmi da Janar Abdulsalami Abubakar suka taka zuwa Yamai, 'yan majalisar dattawa kuma suka ƙi goyon bayan yaƙi. Mun gode musu. Amma a lura, alherin mutane ne ya cece mu. Babu wata doka da ta isa ta hana. Wanda ransa ya dogara ga alherin masu bindiga kuwa, aron rai ya ke yi.

Mu koma ga tafkin. Ruwansa daga kwarin Magiya ya ke zuwa, daga ƙasar Adar, ya ratso iyaka bai nuna wa kowa takarda ba. Can sama aka gina madatsu a Mozage da Zango domin noman rani na Ƙonni. Ga fari, ga yashi, ga madatsu, sai tafkin ya yi ta ja da baya, masunta da masu lambu suka shiga wani hali. Ba na zargin manomin Ƙonni, shi ma 'ya'ya gare shi. Gwamnatocin biyu sun san da matsalar. Tun 1971 suna da hukumar haɗin gwiwa, a 1990 kuma suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan kwaruruka huɗu bisa adalci, har da Magiya. Takarda ta yi kyau. Amma in masuncin Kalmalo ya ga an tauye shi, gaban wa zai kai ƙara? In alƙali ya ce a saki ruwa aka ƙi, wane dogari zai je ya buɗe?

Wani zai ce ai akwai Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai kuma Kotun Duniya a birnin Heg. Gaskiya ne, kuma ban raina su ba. Kotun nan ta raba Nijeriya da Kamaru kan Bakasi a 2002, aka miƙa yankin a 2008. Ta raba Nijar da Benin kan tsibirin Lete a 2005. Wannan ya nuna shari'a tana iya maye gurbin yaƙi. Sai dai kotun ba ta sauraron ƙara sai ƙasar da a ke ƙara ta yarda da ikonta. Ina aka taɓa ganin alƙalin da sai ɓarawo ya ga dama zai gurfana? Majalisar kuma, tun da aka kafa ta a 1945, ƙasashe biyar ne ke da ikon hawa kujerar na ƙi: Amurka, Ingila, Faransa, Rasha da Sin. Afirka mai ƙasashe 54 ba ta da ko ɗaya. Amurka ta afka wa Iraƙi a 2003 ba da izinin Majalisar ba. Rasha ta afka wa Yukren a 2022, ta kuma hau kujerar na ƙi kan ƙarar da aka kai ta. Wannan shi Hausawa ke kira kashin dankali, babba a kan ƙarami.

To, mene ne magani? Tarihinmu ya riga ya faɗa. Me ya sa kakanninmu suka gina ganuwa a Kano da Katsina da Alƙalawa? Domin Gobir da Zamfara da Kabi da Katsina kowace sarautar kanta ta ke, babu na sama da zai raba su, saboda haka in rani ya yi sai a ɗaura sirdi. Yau fa, wa ya taɓa jin gwamnan Kano ya tara dakaru zai ci Katsina? Ba halin mutane ne ya sake ba. Har gobe akwai ƙyashi da kwaɗayi. Abin da ya sake shi ne an sami hukuma a bisansu, an karɓe musu makamai, an ba su kotu. Haka Faransa da Jamus, sun gwabza a 1870 da 1914 da 1939, amma tun da suka fara haɗa arzikinsu ƙarƙashin hukuma guda a 1951, ba su sake ɗaga wa juna takobi ba. Abin da ya yi wa gari magani, ya yi wa ƙasa, me zai hana ya yi wa duniya?

Masu musu suna da hujja uku, kuma ba zan ɓoye su ba. Ta farko, sun ce mulkin mallaka ne zai dawo ta bayan gida. Tsoron nan yana da tushe, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma su duba da kyau, a yau ma masu ƙarfi ke juya mu, ba ƙuri'a, ba kotu, ba ɗaukaka ƙara. Attajiri ba ya bukatar alƙali, talaka ke bukatarsa. Hukumar da na ke nufi kowace al'umma za ta zaɓi wakilanta gwargwadon yawanta, ba wanda ke da kujerar na ƙi.

Ta biyu, sun ce za ta shiga mana addini da al'ada. Amsa ita ce a ɗaure ta tun farko. Aikinta huɗu ne kawai: ta riƙe manyan makamai, ta yanke shari'a tsakanin ƙasashe ta kuma zartar, ta raba ruwa da sauran abin da aka yi tarayya a kansa, ta hana a rufe wa talaka hanya saboda laifin masu mulkinsa. Aure da gado da masallaci da sarauta, waɗannan na masu su ne.

Ta uku, sun ce ba za ta yiwu ba, ga shi ma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu ta 2025. Na yarda tafiyar tana da nisa. Amma ɗan bindiga ya riga mu gane cewa iyaka zane ce. Yana ɗauko makami daga Libiya, ya yi ɓarna a Gudu ko Tangaza, ya tsallaka, sojan da ke binsa ya ja birki a bakin layi. Fari da annoba ma haka su ke. Masifa ta zama ta duniya, hukuma kaɗai ta rage ta ƙauye.

Ya ku masu mulki da ke kiran ɗiyaucin ƙasa dare da rana, ku zo Kalmalo ku gaya wa matar da aka hana ta zuwa jana'izar uwarta a Ƙonni amfanin ɗiyaucin nan. Mu kuwa talakawa, mu bar ɗaukar wannan magana tamkar ta Turawa ce. Tamu ce, domin mu ke kwana a bakin layi. Mu fara da na kusa, mu matsa wa wakilanmu a raya yarjejeniyar 1990, a ba ta alƙali mai iko, a kuma yi dokar da za ta hana rufe iyaka a kan abinci da magani. Daga nan a ɗora. Wanda ya dasa dabino ya san ba lalle ne ya ci 'ya'yansa ba, amma ba ya fasawa.

Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, ya mai do mana da ruwan tafkinmu, amin.