Dogon Hannun Madina da Dogon Hannun Kano



Akwai wata makarantar dare a unguwarmu da nake taimakawa da darasin hadisi tsakanin magariba da isha'i. Wani dare na kawo wa ɗalibai labarin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya shaida wa matansa cewa wadda za ta riga riskarsa a cikinsu ita ce wadda ta fi dogon hannu. Ban kai ga sharhi ba sai na ga wani yaro ɗan aji biyar na sakandare ya zare ido, ya ɗaga hannu a ɗarare, ya ce, "Allah gafarta Malam, anya kuwa fassarar daidai take? Ai dogon hannu sata ce." Ajin ya yi tsit.

Yaron bai yi ƙarya ba. A bakin Bahaushe mai dogon hannu shi ne wanda ba a barinsa da kayan mutane. A bakin Balarabe kuwa tsawon hannu kyauta ce da yawan sadaka. Abin da ya sanyaya mini zuciya shi ne, su kansu iyayen muminai, Allah Ya ƙara musu yarda, da farko zahirin maganar suka ɗauka, har suka samo kara suna gwada hannuwansu, na Sauda ya fi tsawo. Sai da Zainab bint Jahsh ta riga su rasuwa a shekara ta 20 bayan Hijira, zamanin halifancin Sayyidina Umar, sannan suka gane manufar, domin ita ce mai sana'ar jima da ɗinkin fata, tana sayarwa tana sadaka da abin da ta samu. Idan Larabawan da aka haifa cikin harshen sun taɓa tsayawa a zahiri, ina ga yaron da zai tsallake harshe biyu kafin ya isa ga ma'ana?

Na tambayi ajin ko an taɓa koya musu adon harshe a makarantar boko. Kusan kowa ya ɗaga hannu. Nan take suka rattaba mini: kamantawa, siffantawa, jinsintarwa, alamtarwa, kambamawa. Wani ma ya ƙara da cewa jinsintarwa ta kasu uku, mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa. Na yi murna, na ce to madalla, kowa ya kawo mini adon harshe guda da ya ji a bakin mahaifiyarsa yau. Shiru kake ji. Alhali na tabbata tun daga asuba zuwa lokacin nan uwar kowannensu ta yi ashirin. Ta ce wance ta yi nauyi, ta ce wance ta sauka lafiya, ta ce maƙwabci ya riga mu gidan gaskiya, ta ce ƙanensa yana da kunnen ƙashi, ta ce mai shagon bakin layi hannun jarirai gare shi.

A nan nake ganin kuskurenmu, mu masu koyarwa. Mun mayar da adon harshe jerin sunaye da za a haddace domin jarrabawa. Masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo da Farfesa Abdullahi Bayero Yahya, marubucin Salo Asirin Waƙa, sun yi wahalar samar mana da kalmomin nazari cikin Hausa, kuma aiki ne da ya cancanci yabo. Amma kalmomin nan marfi ne, mu kuwa muna miƙa wa yara marfin ba tare da tukunyar ba. Haka lamarin yake a ɓangaren Larabci. Ɗalibi zai haddace baitocin Jauharul Maknun na Akhdari a zaure, ko ya yi shekara biyu da Al-Balagatul Wadiha a aji, ya iya rarrabe tashbihi da isti'ara da kinaya a kan takarda, amma misalansa ba su wuce zaki da wata da teku ba. Littafi ya gaya masa "mai yawan toka" kinaya ce ta karimci, ya rubuta ya ci maki, alhali a ransa gidan da toka ta yi yawa gidan ƙazama ne. Babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa hanyar: yawan toka daga yawan hura wuta, yawan wuta daga yawan girki, yawan girki daga yawan baƙi. Da an ce masa shi ne wanda mu muke cewa tukunyarsa ba ta sauka daga murhu, da ya gama ganewa tun kafin a rufe baki.

Mai karatu zai iya cewa wannan damuwar malaman adabi ce, ina ruwan mai neman sanin addininsa? Ruwansa da tsaki kuwa. Magabata ba su rubuta ilimin balaga domin nishaɗi ba. Abu Ubaida ya rubuta Majazul Ƙur'an ne domin bayyana yadda Alƙur'ani ya bi hanyoyin maganar Larabawa. Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a shekara ta 471 bayan Hijira, ya rubuta Asrarul Balaga da Dala'ilul I'ijaz domin a gane ta inda Littafin Allah ya gagari masu fasaha. Kuma tun zamanin wahayi buƙatar take. Da ayar azumi ta Suratul Baƙara ta ambaci farin zare da baƙin zare, sahabi Adiyyu ɗan Hatim igiya biyu ya samo, fara da baƙa, ya sa ƙarƙashin matashinsa yana dubawa cikin dare. Da gari ya waye ya kai labari, Annabi (SAW) ya yi masa raha a kan faɗin matashin nasa, sannan ya fahimtar da shi cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Dubi yadda aka gyara masa: da murmushi, ba da tsawa ba.

Har cikin fiƙihu maganar ta shiga. Ayar alwala ta Suratul Ma'ida ta ambaci shafar mata cikin abubuwan da ke sa a nemi tsarki. Imam Shafi'i ya ɗauke ta a kan haɗuwar fata da fata, Abu Hanifa ya ɗauke ta a matsayin kinaya ta saduwar aure, mazhabar Malik da muke bi a nan ta rataya warwarewar alwala ga jin daɗi ko nufinsa. Saurayin da bai san ana sakaya magana ba, yaya zai fahimci dalilin wannan saɓani, balle ya yi wa malamai uzuri? Shi kansa fa ba ya iya cewa zai shiga bayan gida a gaban surukinsa, sai ya ce zai kewaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne saurin yanke hukunci. Na san wani matashi, mai son addini ne tsakani da Allah, da ya ji kakarsa ta ce damina ta ciyar da su bana, sai ya ce mata ta yi shirka ta sake kalmar shahada. Tsohuwar da ta shekara sittin tana sallar asuba a kan lokaci ta kwana tana kuka. Da ya karanta babin da malaman balaga ke kira majazi na hankali, da ya san ana jingina aiki ga sababinsa ko lokacinsa, kuma imanin mai magana shi ne alamar abin da yake nufi. Shi da kansa yakan ce magani ya warkar da shi, ko yunwa za ta kashe shi.

Sai dai kada a ɗauka ina buɗe ƙofa ne ga duk wanda ya ga dama. Hadisin Hudaibiyya ya nuna haɗarin jingina saukar ruwa ga taurari, domin a can aƙida ce ke bayan lafazin. Haka nan ba kowace magana ce za a wanke da sunan adon harshe ba. Akwai masu waƙar yabo da ke furta abin da kunnen mumini ba zai ɗauka ba, in an yi magana su ce kambamawa ce. Akwai kuma masu son narkar da duk hukuncin da ya yi musu nauyi su ce ai misali ne kawai. Ƙa'idar malamai a fili take: asali a magana shi ne haƙiƙa, ba a barinta sai da dalili da alaƙa. Na kuma san manyan malamai irin su Ibn Taimiyya, da Shaikh Muhammadul Amin Shanƙiɗi a ƙarnin da ya wuce, sun ƙi yarda da kalmar majazi a kan Alƙur'ani, musamman saboda yadda aka yi amfani da ita wajen sifofin Ubangiji. Amma ko su ba su ce Adiyyu ya koma ga igiyarsa ba. Sun ce salo ne daga salon Larabawa, wanda siyaƙin magana ke bayyanawa. Ke nan ko wane ɓangare ka bi, koyon salon bai faɗi a kanka ba.

Ni dai na sauya yadda nake koyarwa. Yanzu ba na fara da suna. Nakan ce kowa ya zo da magana biyar daga gida ko kasuwa ko bakin 'yan acaɓa, mu baje su, mu tambayi me aka faɗa, me ake nufi, me ya haɗa su, kuma me ya hana a ɗauki zahirin. Sai yaro ya amsa waɗannan da bakinsa sannan in gaya masa sunan abin a Hausa da Larabci. Daga nan muke hawa zuwa karin magana, zuwa waƙoƙin wa'azi irin na Nana Asma'u da Imfiraji ta Aliyu Namangi, sannan hadisi, sannan aya. Tafiyar tana da nawa, kuma nakan kasa gama manhaja, abin da shugaban makarantar ba ya jin daɗinsa.

Makonni bayan wancan dare, yaron nan mai tambayar dogon hannu ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce ya ji limami ya kawo hadisin da ke fifita hannun sama a kan hannun ƙasa, ya kuma lura a kasuwa sau da yawa mai karɓa ne ke ɗauka daga sama, a tafin mai bayarwa. "To Malam," in ji shi, "saman nan na daraja ne, ko kuwa har da yadda ake miƙawa?" Na ce masa ya zo da tambayar aji ranar Asabar, ni ma zan duba Fathul Bari kafin nan.